Na'urar CT Mai Ƙarfi Biyu

Na'urar CT mai ƙarfi biyu na'ura ce ta ɗaukar hoton cikin jiki da ke harba hasken eksire iri biyu, galibi kilobolt 80 da 140, a maimakon ɗaya. Injiniya Godfrey Hounsfield na Ingila, wanda aka fara gwada na'urarsa ta CT a kan marar lafiya a Landan a 1971, ya ambaci dabarar tun 1973. Sai dai ba ta bazu a asibitoci ba sai bayan 2005, da kamfanin Siemens ya fito da na'ura mai bututu biyu.

Tana da amfani wajen binciken ciwon dajin kai da wuya. Kafin hoto akan yi wa majinyaci allurar ruwan aidin ta jijiya. Aidin ya fi tare haske mai ƙaramin ƙarfi, don haka ƙari mai yawan jini yakan fito sarai, a ga iyakarsa, a kuma duba ko ya ci guringuntsin maƙogwaro ko ya kai ga kaluluwa. Babban ƙarfin kuwa yana rage zane-zanen da ƙarfe, kamar haƙorin Makka, ke watsawa a hoton baki.

Alal misali, mutumin Dawakin Tofa da ke fama da dushewar murya ko kumburin wuya da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa akan tura shi birnin Kano, zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, domin hoton CT da gwajin tsoka.