Daga Buzu Zuwa Tebur: Mazaunin Mai Ilmi a Birnin Katsina

Birnin Katsina ya shafe ƙarni huɗu ko fiye yana wallafa littattafai, yana yanke shari'a, yana aika wasiƙu zuwa Agadas da Barno da Masar, kafin tebur ya zama abin da aka sani a ɗakin malami. Wannan al'amari, ko da yake ƙarami ne a ido, ya cancanci mai hankali ya tsaya ya yi masa nazari a wannan zamani da malamin jami'a, da lauya, da ɗan kasuwa, kowa ke keɓe ɗaki a gidansa domin aikin takarda, yana kuma neman shawara a kan irin kujera da teburin da ya kamata ya zuba a ciki.

Tun zamanin Sarki Muhammadu Korau, a ƙarni na 15, Musulunci ya kafu a fadar Katsina, kuma kafin ƙarnin nan ya ƙare Shehu Magili ya sauka a garin, Imamu Suyuɗi kuwa ya rubuto wa Sarkin Katsina Ibrahim wasiƙar nasiha daga Alƙahira. Hasumiyar Gobarau da ke tsaye har yau ita ce shaidar da ta rage ta masallacin da aka yi karatu a inuwarsa. A ƙarni na 17 aka yi waliyyan nan da Katsinawa ke tunƙaho da su, watau Wali Ɗan Marna da Wali Ɗan Masani, wanda aka haifa a 1595 ya rasu a 1667, ya bar sharhohi a kan littattafan fiƙihu da na yabon Annabi, unguwar Masanawa kuma ta ci sunansa. Dukan wannan aiki, da na waɗanda suka biyo bayansu, a ƙasa aka zauna aka yi shi.

Ofishin malami a wancan lokaci shi ne zauren gidansa, ko kuwa shigifa idan yana son kaɗaita domin muɗala'a, kayan da ke ciki kuwa ba su da yawa, sai dai kowanne yana da aikin da babu mai yi sai shi. Akwai tabarmar kaba da aka shimfiɗa bisa daɓe, a kanta kuma buzu, fatar ragon da aka jeme ba a cire gashinta ba, wadda ke hana sanyin ƙasa shiga jiki a lokacin hunturu, ta zama wurin zama da rana, wurin nafila da dare. A gefen dama ga kurtun tawada da 'yan alƙaluma na karan gamba, da ƙaramar wuƙar fiƙe su. Jingine da bango ga alluna da masassaƙa suka fafe, galibi daga icen aduwa. A cikin alkuki kuma ga fitilar a-ci-bal-bal da ake zuba wa man gyaɗa ko man kaɗe. Tawadar allo ta gawayi ce da ƙaro, domin a iya wanke ta, amma ta takarda, wadda ake nufin ta daɗe har jikoki su karanta, ana dafa ta ne da 'ya'yan bagaruwa da kashin maƙera, ta fito da wani duhu mai ja-ja da ba ya gogewa.

Wanda bai san yadda ake rubutun Larabci da alƙalamin kara ba, la'alla ya ɗauka talauci ne ya hana waɗannan bayin Allah mallakar tebur, alhali kuwa aikin ne bai bukace shi ba. Marubuci yakan zauna ya tanƙwashe ƙafa ɗaya, ya kafa gwiwar ɗaya, ya ɗora warƙa guda bisa tafin hagunsa ko bisa cinyarsa, yana karkata ta yadda bakin alƙalami ke so. Littafin kuwa ba ɗinkakke ba ne, warƙoƙi ne a sake, kowace an rubuta mata kalmar farko ta mai bi mata a ƙasan shafi domin kada jeri ya ɓace. Takardar ma tsada gare ta, domin daga ƙasar Italiya 'yan kasuwa ke kawo ta ta Tarabulus su ratso Sahara, irin mai tambarin jinjirin wata uku da ake gani idan an ɗaga ta ga haske, saboda haka ba a baza ta barkatai. Idan an gama, sai a haɗa warƙoƙin cikin tadarishi, a ɗaure da igiyar fata, a sa cikin gafaka, a rataye a bango ko a ajiye cikin adakar da aka ɗora bisa duwatsu, domin babban abokin gabar littafi a ƙasar nan gara ce, bayanta kuma danshin damina da ƙurar hunturu.

Irin wannan ofishi ana iya naɗe shi a ɗora bisa jaki ko raƙumi cikin sa'a guda, kuma da haka ilmin Katsina ya yi tafiya mai nisa. Shehu Muhammadu Alkashinawi, masanin hisabi da taurari, ya tafi aikin Hajji, ya zauna a Masar yana koyarwa yana wallafa, har ajali ya same shi a Alƙahira a 1741, a gidan Shehu Hasan Jabarti, mahaifin wani shahararren marubucin tarihi, ya kuma bar wa Shehu Hasan wasiyyar littattafansa.

Akwai kuma mas'alar ladabi, wadda ta fi ta aiki zurfi. Kujerar da Bahaushe ya sani a da 'yar gajeruwa ce da ake sassaƙawa daga gungume guda, mata ke zama a kanta a gindin murhu. Ɗaukaka daga ƙasa kuwa ta sarki ce a kan karagarsa. Malami yana zaune daidai da ɗalibansa, babu abin da ya fifita shi a ido sai buzun nan da girman da ke zukatan mutane, su kuma suna kewaye da shi sun tuɓe takalma, wannan da Ahalari, wancan da Risala, wani da Muhtasar, mai karatu ya matso ya durƙusa ya ja baƙi, malam ya fassara, ya ce masa Allah ya sa albarka, ya ja da baya wani ya matso. Mai neman fatawa, da mai kawo rabon gado, da baƙon da ya sauka da almuru, duk wuri guda suke samu, domin tabarma ba ta ƙare wa mai zuwa.

Turawan Ingila sun shigo Katsina a 1903, a 1906 kuma Muhammadu Dikko ya hau gadon sarauta, ya riƙe ta har 1944. A farkon zamaninsa aka kafa Baitulmali, wanda ke cikin na farko a Jihar Arewa, tare da shi kuwa aka sami manyan littattafan lissafi masu ɗinkakken bango, da rasiɗan haraji da na jangali, da fayil, daga baya kuma tafireta. Waɗannan ba sa zama bisa gwiwa, ba a kuma ja musu layi sai a kan shimfiɗaɗɗen katako. Ashe tebur bai shigo garin domin ado ba, littafin haraji ne ya jawo shi. Kwalejin Katsina, wadda ta fara aiki a 1921, Gwamna Kilifod ya buɗe ta a 1922, ta yaye irin su Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Ahmadu Bello, da Abubakar Imam, kafin a mai da ita Kaduna a 1938, ta fitar da sabon jinsin masu ilmi waɗanda aikinsu na aji da na ofis ya saba musu da zaman kujera. Sana'a ma ta sake hannu: masassaƙi da gizagonsa, wanda ke fafe turmi da akushi da allo daga ice guda, ya sami abokin tarayya, watau kafinta mai zarto da ƙusa, wanda ke haɗa katako da katako, musamman bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 katakon Kudu ya sami hanyar zuwa Arewa.

Abin lura shi ne Katsinawa ba su yar da na da ba. Ma'aikacin En'e yakan wuni a bayan tebur, amma idan ya komo gida ya yi sallar La'asar, sai ya ɗauki littafinsa ya nufi zauren malaminsa ya zauna a ƙasa, kuma har yau, bayan Katsina ta zama babban birnin jiha a 1987, jami'o'i sun buɗe, kwamfuta ta shiga gidaje, da wuya ka shiga ɗakin nazarin dattijo ba ka ga darduma a shimfiɗe kusa da teburinsa ba. Hikimar wannan a bayyane take, domin tebur, duk da amfaninsa, yana gitta katako tsakanin mai gida da baƙonsa, ya mai da mai ziyara mai kawo ƙara.

Saboda haka wanda ke nufin shirya ɗakin aiki a gidansa, ya kamata ya yi tambayoyin da magabata suka amsa da kayansu: wane aiki zan yi a nan, me ke lalata kaya a garin nan, su wa kuma za su shigo mini? Idan aikin na kwamfuta ne na tsawon yini, to, kujera mai tallafe baya da tebur daidai gwiwar hannu wajibi ne, domin jiki amana ne. Idan littattafai ne, kabad mai ƙofa da aka ɗaga daga ƙasa aka janye daga bango ya fi kanta buɗaɗɗiya. Tebur na maɗaci da kafintan unguwa ya haɗa zai kai ga 'ya'ya, alhali mai ƙyalli na matsattsen garin katako, wanda aka yi domin ƙasashen da ba su san gara ba, damina kaɗan zai gani ya kumbure, zanen aro kuwa ba ya rufe katara. Sa'an nan ya bar fili a ƙasa, gwargwadon shimfiɗar tabarma guda, domin a Katsina ba a yi wa mai ilmi ɗakin da shi kaɗai zai zauna ba. Za a yi sallama, kuma masu sallamar sun fi kujerunsa yawa.