Kwangila mai zartar da kanta

Kwangila mai zartar da kanta manhaja ce da ake ajiyewa a bulokcen, wato kundin da kwamfutoci masu yawa ke riƙe da kwafinsa, kuma da zarar sharaɗi ya cika sai ta aiwatar ba tare da sa hannun kowa ba. Masanin kwamfuta Nick Szabo ne ya raɗa mata suna a shekarun 1990, amma ba ta yaɗu ba sai da bulokcen mai suna Ethereum ya fara aiki a 2015.

Wuyar aikin ita ce mayar da yarjejeniyar da mutum ke karantawa ta koma umarnin da kwamfuta ke ganewa. Wani shiri mai suna Accord Project, wanda aka kafa a 2017, yana amfani da samfurin takarda mai gurabe: a cike suna, kuɗi da rana, manhaja ta ɗauka. Yanzu ana gwada ƙirƙirarriyar basira a wannan aiki.

A ce hayar shago ce a kasuwar Keffi. Kuɗin haya da ranar biya suna shiga manhaja cikin sauƙi. Amma sharaɗin cewa ɗan haya ya kula da shago yadda ya kamata fa? Wannan sai mai unguwa ko alƙali. Kuskure kuma yana da wuyar gyara: a 2016 wata ɓaraka a kwangilar wani asusun zuba jari mai suna The DAO ta sa aka kwashe kusan Ether miliyan 3.6, wato kuɗin Ethereum.

A Najeriya, Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da manufar ƙasa kan bulokcen, fasahar da irin wannan kwangila ke dogaro da ita, a Mayun 2023.