Wankin hannu a makarantun firamare: abin da ya kamata iyayen Droum su sani

Wankin hannu da sabulu darasi ne na kiwon lafiya da ake koya wa yara tun daga ajin CI har CM2. A ƙaramar hukumar Droum, cikin gundumar Mirya ta jihar Damagaram, inda ruwa ke wuya a ƙauyuka da yawa, darasin ba ya zama ɗabi'a sai yaro ya tarar da ruwa da sabulu a bakin masai.

Amfaninsa

Ƙwayoyin cutar gudawa, kwalara da tsutsar ciki suna fita cikin bayan gida, hannu kuma ya kai su baki. Bincike ya nuna wankin hannu da sabulu yana rage gudawa da kusan kashi ɗaya bisa uku. Annobar kwalara ta 2021, wadda ta taɓa jihohin Damagaram da Maraɗi, ta nuna saurin yaɗuwar irin wannan cuta.

Yaushe, kuma ta yaya

Lokuta biyu ne suka fi muhimmanci ga ɗan makaranta: bayan fitowa daga masai, da kafin cin abinci. A jiƙa hannu, a shafa sabulu, a cuɗa tafi da baya da tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce na aƙalla daƙiƙa 20, a ɗauraye da ruwa mai zuba, a bar hannu ya bushe a iska. In babu sabulu, toka ta fi ruwa zalla. Abin gudu shi ne kwano ɗaya da kowa ke tsoma hannu a ciki kafin tuwo, domin na ƙarshe da dauɗar na farko yake wankewa. A zuba wa juna da buta.

Inda babu famfo

Ana huda ƙaramar jarka, a rataye ta a itace, a ɗaura mata igiya da sanda a ƙasa. Yaro ya taka sandar, ruwa ya tsiyayo kaɗan kaɗan, ba tare da ya taɓa jarkar ba.

Nauyin wa?

Malami ya nuna a aikace, yara su riƙa cika jarka bi da bi. Sayen sabulu kuwa sai kwamitin kula da makaranta, wato CGDES, da ƙungiyar iyaye mata ta AME sun sa shi cikin tsarin shekara. Tun 2008 ake bikin ranar wankin hannu ta duniya kowace 15 ga Oktoba, daidai farkon komawa makaranta. Lokacin ne ya dace a duba ko kowane aji yana da jarkarsa.