Daga Sulhun Masallaci da Coci zuwa Sulhun Gona da Burtali: Aikin da Ya Rage wa Mubi

Ranar 29 ga Oktoba, 2014, mayaƙan Boko Haram suka shiga Mubi, suka kafa tuta, suka sauya wa garin suna zuwa Madinatul Islam. Zuwa tsakiyar Nuwamba an fitar da su, kuma cikin waɗanda suka yi wannan aiki tare da sojoji har da maharba da 'yan banga, mutanen ƙasa masu bindigar toka. Tun daga lokacin, duk wanda zai yi maganar Mubi da maganar tsaro yake farawa, da ita kuma yake rufewa. Wannan maƙala tana ganin an tsaya a rabin hanya. Shekarun tashin hankali sun bar wa yankin wata dukiya da ba a cika lissafa ta ba, wato amanar da limamai da fastoci da masu unguwanni da ƙungiyoyin mata suka ƙulla a tsakaninsu sa'ad da gwamnati ta yi nisa. Abin da zai gwada wannan amana nan gaba shi ne rabon ƙasar noma da mashayar dabbobi da itacen girki, a yankin da ruwan sama ya daina zuwa a kan ƙa'idar da manoma suka sani. Idan ba a karkata ƙungiyoyin zaman lafiya zuwa ga waɗannan abubuwa ba, aka kuma ba su iko na gaske a kansu, amanar za ta tsufa tare da waɗanda suka ƙulla ta.

Ya kamata a fara da shaidar cewa amanar ta tabbata, domin ba a kan zato ake gina hujja ba. Hare-haren da aka kai Mubi an tsara su ne don raba gari gida biyu. A Janairun 2012 aka bindige 'yan ƙabilar Ibo da suka taru don shirya jana'izar ɗan'uwansu. A farkon Oktoban shekarar aka bi ɗalibai gida-gida a Wuro Patuji aka kashe. A Yunin 2014 bam ya tashi a Kabang cikin masu kallon ƙwallo. Bayan an ƙwato garin kuma, masallatai aka nufa: ranar 21 ga Nuwamba, 2017, ɗan ƙunar baƙin wake ya hallaka aƙalla mutum 50 a sallar asuba, sannan ranar 1 ga Mayu, 2018, aka sake kai hari masallaci da kasuwa. Duk da haka garin bai rikiɗe zuwa yaƙin unguwa da unguwa irin wanda Jos da Kaduna suka sha fama da shi ba. Ruwa ba ya tsami banza, haka nan ba ya zama garau banza. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda hedkwatarta ke Kwarhi kusa da Mubi kuma ta faɗa hannun mayaƙan a rana guda da garin, ta riga ta kafa dandalin CAMPI tare da malaman Musulunci tun kafin wutar ta ruru, har aka ba su lambar yabo ta zaman lafiya ta Michael Sattler a Jamus a 2016. A Yola, Jami'ar Amurka ta Nijeriya ta haɗa shugabannin addinan biyu a 2012 ƙarƙashin shirin zaman lafiya na Adamawa, wanda daga baya ya ciyar da 'yan gudun hijira kusan 300,000 bisa lissafin jami'ar, yawancinsu daga Mubi da Michika da Madagali. Mafi yawan waɗanda suka gudu ma ba sansani suka shiga ba, gidajen dangi da na baƙin ido ne suka ɗauke su. A 2021 Bishop Stephen Dami Mamza ya buɗe rukunin gidaje 86 na 'yan gudun hijira a Sangere-Marghi, ya gina coci a ciki, ya kuma gina masallaci. Wannan tarihi ne na mutanen da suka iya zama kan tabarma ɗaya a ranar da ta fi kowace wuya.

To, mene ne ke jiran su? Mubi tana gindin tsaunukan Mandara, kogin Yedzeram ya ratsa ta ya nufi arewa, ya shiga Borno ta dajin Sambisa da Bama zuwa kwarin Tafkin Chadi. Ruwan da take samu ya kai kusan milimita 1,000 a shekara, amma a cikin 'yan watanni yake zuba, sau da yawa da ƙarfi. Idan gangaren dutse yana da itatuwa da ciyawa, ruwan yakan tsaya ya nutse. Idan an sare an share, sai ya gangaro da gudu ya kwashe ƙasar sama, ya yanka kwazazzabo a gonaki da bayan gidaje, ya cika kogi da yashi, kogin kuma ya tumbatsa da damina ya ƙafe da wuri da rani. Rikicin ya ƙara wa wannan nauyi. Mutanen da ƙauyukansu na kan iyakar Sambisa ba su zaunu ba sun taru inda ake da ɗan tsaro, kowa na neman gona da itace a fili ɗaya. Makiyayan da hanyoyinsu na arewa suka toshe sun matso, ga kuma kasuwar shanu ta Mubi, ɗaya daga cikin manya a ƙasar nan, wadda ke janyo garke daga Kamaru da Chadi. Noman rani ya cinye fadamun da dā shanu ke sha a cikinsu. Karan dawa da harawa, waɗanda dā manomi ke bar wa Bafulatani ya ci a musayar taki, yanzu kaya ne na sayarwa. Tun da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, kalanzir da gas suka fi ƙarfin talaka, gawayi ya zama sana'a. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ƙaramar magana ce a kan kansa, ɓarnar gona ce ko toshe burtali. Amma manomin yana da ƙabila da addini, makiyayin ma haka, kuma abin da ya faru a Numan da Demsa a ƙarshen 2017, inda aka kashe mata da yara a rugage sannan ramuwar gayya ta biyo baya a ƙauyuka, ya nuna yadda rigimar gona ke sa rigar addini cikin kwana ɗaya.

Mai hankali zai iya tsayar da mu a nan ya ce ana ɗora wa sauyin yanayi laifin da ba nasa ba. Akwai gaskiya a maganarsa, kuma dole a amsa ta. An daɗe ana maimaita cewa Tafkin Chadi ya ƙafe, shi ya haifi Boko Haram. Tafkin ya ragu ƙwarai, daga kusan murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na hakan a farin shekarun 1980, amma binciken da cibiyar adelphi ta Jamus ta fitar a 2019 ya nuna cewa tun daga lokacin ba ci gaba da ƙafewa yake yi ba. Boko Haram kuwa a cikin birnin Maiduguri ta tsiro, daga aƙida da zalunci da siyasa da kisan shugabanta a hannun 'yan sanda a 2009. Wanda ya ce fari ne ya kawo ta ya wanke masu laifi. Sai dai binciken nan ya nuna wani abin da ya fi damun manomi, wato rashin tabbas: ba a san yaushe ruwa zai sauka ba, ba a san yaushe zai ɗauke ba. Tsarin zaman manomi da makiyayi kuwa a kan kalanda aka gina shi, shanu su fita kafin shuka, su dawo bayan girbi. Idan damina ta makara, makiyayi zai dawo a lokacin da ya saba ya tarar da dawa a tsaye. Saboda haka ba a ce yanayi ne ke harba bindiga ba. Abin da ake cewa shi ne yana yawaita ranakun da mutum biyu za su buƙaci fili ɗaya a lokaci ɗaya, kuma abin da zai faru a ranar ya danganta ga ko akwai wanda dukansu biyu suka yarda ya raba su.

Mafi ƙarfin shaida kan abin da al'umma za ta iya yi wa ƙasarta daga ƙasar Hausa ta fito, daga Maraɗi. Shekaru aka yi ana dasa itatuwa a can da kuɗin agaji suna mutuwa. Daga 1983 wani ma'aikacin mishan ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya fara jan hankalin manoma ga kututturan da ke raye a ƙarƙashin gonakinsu: a bar tohon da ya fi ƙarfi, a sassabe sauran, a kare shi. Dabarar ba baƙuwa ba ce ga manoma, abin da ya hana ta aiki shi ne doka. Tun zamanin Faransa itace na gwamnati ne, malamin daji na iya cin tarar mutum a kan bishiyar da ke gonarsa, don haka hikima ita ce a tumɓuke ta tun tana ƙarama. Da aka sassauta wannan, manomi ya tabbata cewa gawon da ya raina nasa ne, sai aka wayi gari masu bincike na ƙiyasta itatuwa miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a jihohin Maraɗi da Damagaram, ƙauyuka kuma suka kafa kwamitocin da ke tsaron itatuwan da hukunta ɓarayin itace. Mutanen Mubi ba sa bukatar zuwa nesa don ganin irin wannan. A Sukur da ke Madagali, wadda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1999, ta farko a Nijeriya, an yi ɗaruruwan shekaru ana noma kan gangaren dutse da katangun duwatsu hawa-hawa masu tare ruwa da ƙasa. Katangar ba ta tsayuwa sai an gyara ta kowace shekara, mutum kuma ba ya gyara gonar da yake tsoron za a karɓe masa baɗi. Mai aron gona, da bazawarar da mijinta ya mutu a rikicin, da ɗan gudun hijira, ba wanda zai dasa bishiya a cikinsu sai an tabbatar masa da zama.

Suka ta biyu ta fi nauyi. Za a ce jingina aikin ga al'umma sauke wa masu laifi kaya ne. Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya, amma alƙawarin dala biliyan 100 a shekara da ƙasashe masu arziki suka yi a Kopenhagen a 2009 bai cika a 2020 kamar yadda aka tsara ba, asusun biyan asara da aka amince da shi a Masar a 2022 kuma ya fara da alƙawuran da ba su wuce kusan dala miliyan 700 ba. Ko shirin ACReSAL na Bankin Duniya, mai dala miliyan 700 don gyaran ƙasa a jihohin Arewa 19 da Abuja, bashi ne da za a biya. A gida ma, babu gayyar da za ta gina madatsar Dasin Hausa da aka daɗe ana jira don tare ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, wanda ya taimaka wajen ambaliyar 2012 da ta 2022, kuma ba mai unguwa ba ne ya bar madatsar Alau ta ɓalle ta cinye Maiduguri a Satumban 2024. Duk wannan gaskiya ne, kuma bashi ne da ya wajaba a ci gaba da bi. Amma wa zai bi shi? Mutum ɗaya ba ya tsayar da kwamishina. Unguwar da ta saba zama ta tsara wa kanta ƙa'idar mashaya ita ce za ta iya tambayar ina kuɗin gyaran kwazazzabonta suka shiga. Adalcin yanayi da ya tsaya a taron ƙasashe, ko ya sauka Abuja da Yola ya maƙale, bai iso ga wanda ruwa ya ci gonarsa ba.

Sukar da ta fi cancantar tsoro daga cikin gida take. Kalmar al'umma tana iya ɓoye danniya. Zaman sulhu da yawa na dattawa maza ne masu gona, alhali mace ce ke ɗebo ruwa da itace, matashi ne ke bin shanu ko sarar gawayi, makiyayi mai wucewa kuma ba shi da kujera ko kaɗan. Akwai masu sarautar da ake zargi da sayar da burtali, akwai 'yan bangan da suka wuce gona da iri, akwai kuma ƙungiyoyin da suka koma zaman bita a otal da karɓar kuɗin zama, suna ƙarewa ranar da tallafi ya ƙare. Musun wannan yaudarar kai ne. Maganinsa kuwa yana cikin yadda aka tsara zaman. Elinor Ostrom, wadda ta sami kyautar Nobel a 2009 kan nazarin dukiyar da jama'a ke tarayya a kanta, ta nuna cewa irin wannan tsari yana ɗorewa ne idan iyakoki a bayyane suke, waɗanda dokar ta shafa suna da baki wajen yin ta, hukunci yana hawa daki-daki, hukuma ta sama kuma ta amince da shi. Nijar ta gwada wani abu mai kama da haka da dokar karkara ta 1993, wadda a ƙarƙashinta aka kafa hukumomin ƙasa har zuwa matakin ƙauye da wakilan manoma da makiyaya da mata. Ba su kawar da rigima ba, amma sun ba ta ƙofar shiga kafin ta kai ga adda.

Hanyar doka a buɗe take a Nijeriya ma. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da izinin amfani da ƙasar karkara don noma da kiwo, hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 kuma ya ce kuɗin ƙananan hukumomi hannunsu za su riƙa shiga kai tsaye. A Disambar 2024 gwamnatin Adamawa ta ƙirƙiro sababbin masarautu, har da na Michika da Madagali da Maiha waɗanda dā ke ƙarƙashin Mubi, ma'ana kogi ɗaya da burtali ɗaya yanzu suna ratsa ƙasar sarakuna da yawa, kuma idan ba su zauna tare ba kowa zai tura wa maƙwabcinsa matsalar. Kiran yana ga majalisun Mubi ta Arewa da Mubi ta Kudu, da fadar Sarkin Mubi Alhaji Abubakar Isa Ahmadu da takwarorinsa: su amince a rubuce da kwamitocin ƙasa da ruwa a kowace gunduma, da jauro da arɗo da liman da fasto da mata da matasa a ciki, su tabbatar wa manomi da mai aron gona cewa bishiyar da ya raina tasa ce. Jami'ar Jihar Adamawa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, dukansu a Mubi suke, su fitar da ɗalibansu su auna burtali da mashaya da bakin kwazazzabai tare da mutanen wurin, a liƙa taswirar a ƙofar hakimi inda kowa zai gani. Limamai da fastocin da suka ƙulla amanar nan, jama'a suna jin maganarsu. A kira su zaman burtali tun kafin kaka ta zo.