Ƙarfe ɗaya, jiki daban-daban: gadon halitta da sinadaran wayar daidaita haƙora

Yarinyar da likitan haƙori ya ɗaura wa ƙarfen daidaita haƙora za ta kwana da shi, ta tashi da shi, ta ci abinci da shi na tsawon shekara biyu ko fiye. A duk wannan lokaci ƙarfen yana jiƙe cikin miyau mai ɗumi, wanda tsaminsa ke hawa da sauka bayan kowace loma. Babu ƙarfen da zai zauna a irin wannan wuri bai saki wani abu daga jikinsa ba. Abin tattaunawa shi ne yawan abin da yake saki, da dalilin da ya sa yara ɗari za su sa ƙarfe iri ɗaya, a wayi gari ɗaya ko biyu ne dasashinsu ya kumbura, leɓensu ya tsattsage. An fara jingina wannan bambanci ga ƙwayoyin gado, har wasu na ganin ya kamata a riƙa gwajin DNA kafin a sa wa yaro ƙarfe. Ina ganin bambancin gadon gaskiya ne, amma hujjar da ke hannu ba ta kai a gina gwaji a kanta ba, kuma ɗokin gwajin yana janye hankali daga abubuwan da suka fi shi tasiri.

Ƙananan maɓallan da ake manna wa haƙora galibi ƙarfe ne marar tsatsa, mai kimanin kashi 18 cikin ɗari na kromiyam da kashi 8 na nikel. Wayar da ake fara zura musu kuwa ta nikel da titaniyam ce, fiye da rabin nauyinta nikel ne. William Buehler ya gano wannan haɗi a ɗakin binciken sojan ruwan Amurka wajajen 1960, George Andreasen na Jami'ar Iowa ya shigo da shi aikin haƙori a farkon shekarun 1970, saboda in an lanƙwasa shi yana neman komawa siffarsa a hankali, yana jan haƙori tare da shi. Gam ɗin da ke riƙe maɓallan yawanci daga Bis-GMA ake yin sa, wanda Rafael Bowen ya ƙirƙiro a farkon shekarun 1960, kuma da sinadarin BPA ake haɗa shi.

Gwaje-gwajen da aka yi da miyau na roba sun nuna nikel ɗin da ke narkewa daga cikakken ƙarfen baki bai wuce gomomin maikrogiram a rana ba, ya fi yawa a makonnin farko, sannan ya ragu. Mutum kuwa yana cin maikrogiram 100 zuwa 300 kullum a wake, gyaɗa, koko da hatsi. Ta fuskar guba, wannan lissafi yana kwantar da hankali, kuma ban ga dalilin musanta shi ba. Sai dai alaji ba ya bin lissafin guba. Jikin da garkuwarsa ta riga ta ɗauki nikel a matsayin abokin gaba, ɗan kaɗan ya ishe shi tayar da bori.

A nan ne ilimin gado ya ba da sakamakonsa mafi ƙarfi. An daɗe ana mamakin yadda ake shan wahalar sa wa ɓeraye alajin nikel a ɗakin bincike, alhali shi ne alajin fata da ya fi yawa a tsakanin mutane. A 2010 Marc Schmidt da Matthias Goebeler da abokan aikinsu a Jamus suka wallafa amsar a mujallar Nature Immunology. Nikel yana kama wani furotin mai gadin jiki da ake kira TLR4, a gurabe biyu na sinadarin histidin, na 456 da na 458, sai garkuwar jiki ta zaci ƙwayar cuta ce ta shigo. Furotin ɗin ɓera ba shi da waɗannan gurabe. Wato ɗan bambanci a rubutun gado ya raba halittar da nikel ke tsokana da wadda ba ya tsokana. Amma wannan bambanci ne tsakanin mutum da ɓera. Mu duka muna da guraben, don haka bai bayyana dalilin da ya sa wannan yarinya ta kamu, ƙawarta ta tsira ba.

Wanda ya fi kusa da bayyana haka shi ne filagrin, furotin da ke ƙarfafa saman fata. A 2006 ƙungiyar Irwin McLean a Jami'ar Dundee ta Sikotlan ta nuna cewa kusan Bature ɗaya cikin goma yana ɗauke da naƙasasshiyar ƙwayar gadon wannan furotin, kuma fatar irin waɗannan mutane ta fi saurin bushewa da barin abubuwa su ratsa ta. Binciken da ya biyo baya a Jamus da Denmak ya sami alaƙa tsakanin wannan naƙasa da alajin nikel, sai dai alaƙar ba ta da ƙarfi, kuma ta fi fitowa a waɗanda ba a taɓa huda musu kunne ba. Dalili a fili yake: huda ta riga ta buɗe wa nikel ƙofa, ba ya bukatar raunin fata. Nazarin tagwaye mata a Denmak da aka wallafa a 2004 shi ma ya karkata ga cewa abin da jiki ya gamu da shi ya fi gado nauyi.

Hujjar da ta fi burge ni daga ƙasar Finlan ta fito. Heidi Kerosuo da abokan aikinta sun ruwaito a 1996 cewa matasan da aka sa wa ƙarfen haƙori kafin a huda musu kunne sun fi ƙarancin alajin nikel, in an kwatanta da waɗanda aka fara huda wa. Nikel ɗin da ya fara shiga ta baki, kaɗan-kaɗan, kamar yana koya wa garkuwar jiki haƙuri da shi. Wanda ya fara shiga ta rauni kuwa yana koya mata gaba. Wannan ya shafe mu kai tsaye. A gidajen Hausawa ana huda wa jaririya kunne tun tana cikin zanen goyo, shekaru goma ko fiye kafin a yi maganar gyaran haƙori, kuma ba kowace ke samun ɗan kunnen zinare ba. Tarayyar Turai ta kafa iyaka tun 1994, cewa kayan ado masu daɗewa a jikin fata kada su saki fiye da maikrogiram 0.5 na nikel a kowane murabba'in santimita a mako, bayan Denmak ta riga ta da irin wannan doka. Ɗan kunnen da ake saye a tire a bakin kasuwa, ba wanda ya auna shi. Likitan da ya tambayi uwa ko kunnen 'yarta yana ƙaiƙayi ko ruwa in ta sa ɗan kunne mai araha, ko maɓallin wando yana fitar mata da ƙuraje a cibiya, ya sami bayanin da gwajin filagrin ba zai ba shi ba.

Batun gam ya fi rikitarwa. BPA yana kwaikwayon sinadarin estirojin, kuma an ga yana ɗan ƙaruwa a miyau da fitsari jim kaɗan bayan manna maɓallan, sannan ya koma yadda yake. Hanta ce ke kashe masa kaifi, musamman ta hanyar wani enzayim mai suna UGT2B15, wanda rubutun gadonsa ya bambanta tsakanin mutane. Haka ma GSTM1, ɗaya daga cikin enzayim ɗin da ke taimaka wa ƙwayoyin jiki kawar da sinadarai masu cutarwa: kusan rabin Turawa ba su da shi sam, adadin ya fi ƙanƙanta a yawancin al'ummomin Afirka. Hankali yana karɓar cewa mai raunin waɗannan enzayim zai fi jin jiki. Amma abin da hankali ya karɓa daban, abin da aka tabbatar daban. Binciken da ya duba lalacewar DNA a ƙwayoyin kumatun masu ƙarfe, irin wanda Faccioni da abokansa suka yi a Italiya a 2003, mutane kaɗan ya ƙunsa, kuma sakamakon ya saɓa wa juna: wasu sun ga lahani, wasu ba su gani ba, wasu sun ga ya gushe bayan watanni. In aka sake rarraba mutum hamsin ko sittin gida-gida bisa ƙwayoyin gadonsu, abin da ya rage a kowane rukuni bai isa a yanke hukunci ba. Hukumomi ma ba su daidaita a kan BPA ba. A 2023 hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai ta rage iyakar da ta amince da ita sau dubu ashirin, daga maikrogiram 4 zuwa nanogiram 0.2 a kowane kilo na nauyin jiki a rana, cibiyar auna haɗari ta Jamus kuma ta fito ta ce ba ta yarda da lissafin ba.

Akwai wata damuwa da ta fi tsaya mini a rai. A lissafin 2019, kusan kashi 80 cikin ɗari na mutanen da aka yi manyan binciken gado a kansu 'yan asalin Turai ne, 'yan asalin Afirka kuwa wajen kashi 2, alhali Afirka ta fi kowace nahiya bambancin gado. Naƙasar filagrin biyu da aka fi nema a Turai da wuya a same su a baƙar fata. Gwajin da aka tsara don su zai ce wa yaron Kano ko Maraɗi ba shi da matsala, kuma wannan amsa ba ta gaya masa komai ba. Shirin binciken gado a Afirka mai suna H3Africa ya fara cike giɓin, amma cututtuka masu kisa ya sa a gaba, kuma yana da hujjarsa. Ilimin zai zo daga baya. Sayar da gwajin tun yanzu karɓar kuɗi ne a kan abin da ba a sani ba.

Abin da ke hannun likita a yau ba kaɗan ba ne. Wanda tarihinsa ya nuna alaji ana iya yi masa gwajin manna nikel a fatar baya, a sa masa maɓallan titaniyam ko na tangaran, da wayar titaniyam da molibdenam wadda ba ta da nikel. Haska gam da fitila har ya daskare sarai, goge ragowarsa, da sa majiyyaci ya kurkure baki nan take suna rage abin da zai haɗiya. Yawan abin sha mai tsami da wasu ruwan kurkure baki masu fulorayid suna cin fatar da ke kare wayar titaniyam, ya kamata a gaya wa iyaye haka. Sai kuma ƙarfen ado, wanda matasa ke saye a intanet su manna a shagon kwalliya. Ƙasar Tailan ta haramta sayar da shi bayan an sami dalma a cikin wasu. Yarinyar da ta sa irin wannan, ko mene ne rubutun gadonta, babu mai iya gaya mata wane ƙarfe ne ke bakinta, balle a san wanda za a cire in dasashinta ya kumbura.