Wa Ke da Ikon Ɗauka da Sallama? Tarihin Yadda Naƙasassu Suka Zama Iyayen Gidan Masu Yi Musu Hidima



Laccar yau ta ginu ne a kan wata tambaya wadda a kunne ƙarama ce, amma ta ci wa waɗansu mutane shekaru fiye da talatin suna fafutuka kafin hukumomi su amsa ta. A ɗauki mutumin da ba ya iya tashi daga gado sai an tashe shi, ba ya iya wanka ko sa tufafi ko zagawa bayan gida sai da hannun wani. To, wa zai yanke ƙarfe nawa zai tashi? Wa zai zaɓi wanda zai riƙa taɓa jikinsa? In kuwa hidimar ba ta gamshe shi ba, wa ke da ikon sallamar mai yin ta? Har zuwa tsakiyar ƙarni na 20, amsar a ƙasashen Turai da Amurka ɗaya ce: likita, ko shugabar masu jinya, ko dangi. Shi mai jikin ba a cika tambayarsa ba.

Yadda Abin Ya Faro a Amurka

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ilmin likitanci ya ci gaba har ya zamana waɗanda shan-inna ko karayar ƙashin baya suka kwantar ba sa mutuwa da wuri kamar dā. Sun rayu, amma ba a tanadar musu wurin zama ba sai asibiti ko gidajen jinya, inda ake kwantar da baligi da magariba domin lokacin tashin ma'aikata ya yi.

Ɗaya daga cikin irin waɗannan mutane shi ne Ed Roberts, wanda shan-inna ya kama a 1953 yana ɗan shekara 14. Ya shanye daga wuya zuwa ƙasa, da dare kuma sai a cikin wata na'urar numfashi ta ƙarfe mai kama da ganga yake kwana. A 1962 ya sami shiga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. Da yake babu ɗakin kwanan ɗalibai da zai ɗauki na'urar, sai aka ba shi wuri a asibitin jami'ar, watau asibitin Cowell. Abin lura a nan shi ne, kuɗin masu yi masa hidima daga agajin jihar suke fitowa, amma shi ne ke ɗaukarsu, shi ke koya musu aiki, shi ke sallamarsu. Saboda haka ko da yake a asibiti yake kwana, a matsayin ɗalibi yake, ba majinyaci ba.

Sannu a hankali waɗansu ɗalibai masu irin lalurarsa suka biyo baya. A 1970 suka buɗe ofishin taimakon naƙasassun ɗalibai, a 1972 kuma aka kafa Cibiyar Zaman Cin Gashin Kai a garin Berkeley. Cikin manyan ayyukanta akwai gyaran kekunan guragu, da neman gidaje, da ajiye sunayen masu neman aikin hidima domin naƙasasshe ya zo ya zaɓa da kansa. A 1973 jihar Kalifoniya ta kafa shirin hidima a gida wanda ya amince wa mai lalura ya ɗauki ma'aikacinsa. A tsakiyar shekarun 1970 kuwa Gwamna Jerry Brown ya naɗa Roberts shugaban ma'aikatar kula da naƙasassu ta jihar, ma'aikatar da a dā ta yanke cewa naƙasarsa ta yi tsanani, ba zai taɓa iya aiki ba.

Babban abin da mutanen Berkeley suka kawo shi ne sabuwar ma'anar dogaro da kai. A wurin likitoci, mai dogaro da kansa shi ne wanda ke iya sa riga da hannunsa, ko da zai kwashe awa biyu. Su kuwa suka ce a'a, mai dogaro da kansa shi ne wanda ke yanke shawarar rayuwarsa. In wani ya sa masa rigar cikin minti goma ya tafi aji ko ofis, ya fi wancan cin gashin kai.

Ingila: Dokar da Ta Hana Ba da Kuɗi

A Ingila cikas ɗin na doka ne. Dokar agaji ta 1948 ta ɗora wa ƙananan hukumomi kula da naƙasassu, amma ta hana su danƙa musu tsabar kuɗi. Sai dai a aiko da ma'aikaci a lokacin da hukuma ta ga dama, ko a kai mutum gidan jinya. A 1972 Paul Hunt, wanda ya daɗe a gidan Le Court da ke gundumar Hampshire, ya rubuta wasiƙa a jaridar Guardian yana kiran mazauna irin waɗannan gidaje su haɗa kai. Daga nan aka sami ƙungiyar da ta yi fice wajen cewa al'umma ce ke naƙasa mutum da shingayenta, ba lalurar jikinsa kaɗai ba.

Daga bisani waɗansu mazauna Le Court ɗin, cikinsu har da John Evans, suka ƙulla wani shiri da suka laƙaba wa shekarar 1981, shekarar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa naƙasassu. Hujjarsu mai sauƙi ce: kuɗin da hukuma ke biya domin a ajiye mu a nan, a ba mu su mu kama gida, mu ɗauki masu hidima. Tun da doka ta hana biya kai tsaye, sai aka riƙa bi da kuɗin ta hannun gidan jinyar, shi kuma ya miƙa musu. Da wannan dabara suka fita ɗaya bayan ɗaya a farkon shekarun 1980.

A 1988 gwamnati ta kafa wani asusu na musamman mai biyan masu tsananin naƙasa kuɗin hidima. A 1994 wani bincike da ƙungiyar naƙasassun Birtaniya ta sa aka yi ya nuna cewa hidimar da mutum ya tsara da kansa ta fi ta hukuma araha da kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari. Wannan ya taimaka wajen shawo kan gwamnati, har aka yi dokar biya kai tsaye a 1996, ta fara aiki a watan Afrilu na 1997. Amma kada a ɗauka tafiyar ta miƙe ke nan: a watan Yuni na 2015 an rufe wancan asusu a Ingila, aka mai da nauyin kan ƙananan hukumomi, ko da yake Sikotilan ta kafa nata.

Suwidin: Haƙƙi Bisa Doka

Adolf Ratzka ɗan Jamus ne da shan-inna ya kama a 1961. Bayan shekara biyar a asibiti, ya tafi karatu Kalifoniya a 1966, inda ya ɗanɗana ɗaukar masu hidimarsa. Da ya koma Suwidin a 1973, sai ya tarar da ƙasa mai yalwar jin daɗin jama'a, amma ma'aikatan ƙaramar hukuma ne ke shigowa gidan mutum, yau wannan, gobe wancan. A 1984 shi da abokansa suka kafa ƙungiyar gama kai ta STIL a Stockholm. Ƙungiyar ke riƙe lissafin albashi da haraji, kowane ɗan ƙungiya kuwa shi ne shugaban masu hidimarsa. Gwajin ya fara a 1987, a 1994 kuma doka ta fara aiki wadda ta sa hukumar inshorar jama'a ta ƙasa biyan kuɗin hidima ga duk wanda ainihin bukatunsa suka wuce awa 20 a mako.

Nauyin da Ke Tattare da Iko

Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu, tilas ya yi masa aski. Wannan karin magana ya taɓo zuciyar al'amarin. Hidimar da aka yi don tausayi, ba a iya gyara wa mai yin ta, sai godiya. Wadda aka biya kuwa, ana iya cewa ba haka nake so ba. Albashi shi ke mai da alfarma ta zama haƙƙi.

Sai dai kuma uban gida yana da nasa nauyi. Dole ya nemi ma'aikaci, ya tsara lokutan aiki, ya biya albashi kan kari, ya tanadi wanda zai maye gurbi in ɗaya ya yi rashin lafiya. Wanda mai hidimarsa bai zo da safe ba, a gado zai wuni. Don haka ne cibiyoyi da ƙungiyoyin gama kai suka zama tilas. Har ila yau akwai haƙƙin su ma'aikatan, waɗanda galibinsu mata ne da baƙin haure, albashinsu kuma ƙanƙane. A 1999 masu hidimar gida kimanin 74,000 a gundumar Los Angeles suka shiga ƙungiyar ƙwadago. Darasin da aka koya shi ne, inda albashi ya yi ƙasa, ma'aikata ba sa daɗewa, wanda ake yi wa hidimar kuma shi ke fara shan wahala.

Kammalawa

A 2006 Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da yarjejeniyar haƙƙin naƙasassu, wadda sashenta na 19 ya ambaci mataimaki na kai a cikin abubuwan da mutum ke bukata domin ya zauna cikin jama'a. Nijeriya ta amince da ita a 2010, a watan Janairu na 2019 kuma aka sa hannu kan dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci.

Mu a nan ba baƙin abin ba ne gaba ɗaya. Mun san makaho da ɗan jagoransa, mun san Sarkin Makafi da Sarkin Guragu, watau naƙasassu masu shugabancin kansu tun kafin zuwan Turawa. Amma mun kuma san cewa sau da yawa ɗan jagoran yaro ne da ya kamata a ce yana makaranta, mai jinyar kuma uwa ce ko mata da ba wanda ke lissafa wahalarta. Tarihin da muka bi bai ce a raba mutum da danginsa ba. Abin da ya nuna shi ne, a ko'ina aka sami canji, naƙasassun ne suka fara shi, hukuma ta biyo baya. Saboda haka ina roƙon ma'aikatan jin daɗin jama'a da ke wannan zaure, in an zo tsara wani shiri, a zaunar da masu lalurar a teburin shawara tun daga farko, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.