Harafin Da Ba A Bugawa: Yadda Manyan Kwamfutoci Suka Koyi Rubutu A Takarda



Waɗanda suka ɗan manyanta a cikinmu za su tuna wata irin takarda mai faɗi, mai jerin huji a gefenta biyu, wadda ke zuwa a linke shafi kan shafi, rubutunta duk da manyan baƙaƙe. Da irinta ake buga takardar albashi, da bayanin asusun banki, da jerin sunayen ma'aikata. Yau za mu bi sawun wannan takarda zuwa Amurka, cikin ɗakunan manyan kwamfutocin nan da ake kira menfirem, waɗanda bankuna da gwamnatoci ke ajiye bayanan miliyoyin mutane a cikinsu. Abin da za mu gani shi ne, ma'aunin da aka yanke tun tuni saboda kwali da sarƙa da guduma, shi ne har gobe yake mulkin bayanan kuɗin jama'a, alhali kwalin da sarƙar sun daɗe da shiga gidan tarihi.

KATI MAI GURBI 80

Labarin ya fara ne da ƙidayar jama'ar Amurka ta 1890. Wani injiniya mai suna Herman Hollerith ya ƙera na'urar da ke karanta kati na kwali da aka huda, kowane huji yana nufin wani abu game da mutum: namiji ne ko mace, shekarunsa, da sauransu. Kamfaninsa ya haɗe da wasu a 1911, kuma a 1924 haɗakar ta koma amsa sunan IBM. A 1928 IBM ta fito da katin da ya zama gagarabadau: gurbi 80 a jere, kowane gurbi harafi ɗaya ko lamba ɗaya.

Kati ɗaya shi ne bayanin mutum ɗaya ko ciniki ɗaya, abin da ake kira rikod. Tunda fili ya yi kaɗan, sai a raba shi tun kafin a fara aiki: misali gurbi na 1 zuwa na 6 lambar ma'aikaci, na 7 zuwa na 26 sunansa, na 27 zuwa na 33 albashinsa. Babu waƙafi, babu tazara tsakanin bayani da bayani. Wurin da abu yake zaune shi ne ke faɗin ko mene ne. Idan sunan mutum ya fi gurbin da aka ware tsawo, a datse shi kawai, babu neman afuwa. Duk mai suna Abdurrahman da ya taɓa ganin an guntule masa sunan kaka a takardar hukuma, ga asalin al'adar nan.

SARƘA DA GUDUMA 132

Huji a kwali na na'ura ne, ɗan Adam sai ya ga rubutu. Da farko injinan lissafi ne ke bugawa, irin su IBM 407 na 1949, mai buga layi 150 a minti. Idan ana son sauya fasalin rahoto, sai ma'aikaci ya zauna ya sake sarƙafa wayoyi a kan wani allo, yana haɗa gurbin kati da wurin da zai fito a takarda. Wato tsara rubutu aikin hannu ne, kamar na mai gyaran rediyo.

A watan Oktoban 1959 IBM ta sanar da kwamfutar 1401 tare da firintarta mai lamba 1403. An sayar da irin wannan kwamfuta fiye da 10,000, kuma masana da yawa sun ce firintar na cikin abin da ya ja masu saye. Yadda take aiki abin mamaki ne. Akwai sarƙar ƙarfe mai ɗauke da baƙaƙe 240 tana zagayawa a guje a gaban takarda, a bayan takardar kuma an jera ƙananan guduma 132. Duk lokacin da harafin da ake so ya iso daidai gurbinsa, sai gudumar wurin ta bugi takarda, ta manna ta da ƙyallen tawada da harafin. Da haka take buga layi 600 a minti, wato layi goma kafin ka ƙirga daƙiƙa ɗaya. Samfurin da ya biyo baya ya kai layi 1,100. Ƙararta kuwa ba a cewa komai, har wasu ma'aikata suka gano cewa idan aka jera baƙaƙe ta wata siga, bugun gudumar yana fitar da kiɗa.

Baƙaƙe goma ne a kowane inci, layi shida daga sama zuwa ƙasa a kowane inci, takardar kuma tsawonta inci 11. Daga nan aka samu shafi mai layi 66 da faɗin gurbi 132. Ratsin kore da fari da ake yi wa takardar kuwa, don kada idon mai karatu ya ɓace ne a tsakiyar dogon layin lambobi.

Me ya sa rubutun duk manyan baƙaƙe ne? Sarƙar da aka fi amfani da ita alamomi 48 kacal gare ta, an maimaita su sau biyar: baƙaƙe 26, lambobi 10, sai 'yan alamomi 12. Yawan maimaituwar shi ne sirrin saurin, domin guduma ba ta daɗewa tana jiran harafinta. Akwai sarƙa mai ƙananan baƙaƙe, amma tana rage gudu. A nan ne abin ya shafe mu kai tsaye: babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ a kan sarƙar, kuma babu su a EBCDIC, tsarin lambobin baƙaƙe na waɗannan kwamfutoci. Ɗanladi sai ya koma DANLADI, Ƙanƙara ta koma KANKARA.

ƊAN HAKIN DA KA RAINA

To yaya firinta ke sanin inda shafi ya fara, ko inda za ta tsallake layi? A cikinta akwai wata siririyar takarda da aka manne bakinta biyu ta zama zobe, tana juyawa tare da shafi. Tana da hanyoyi 12, kuma hujin da aka yi a hanya ta 1 shi ne alamar saman shafi. Kowane irin fom, na cak ne ko na rasit, da nasa zoben, kuma mai kula da na'ura ne zai sauya shi da hannu.

Ta ɓangaren kwamfuta kuma, sai aka ware harafin farko na kowane layi ya zama umarni. Ba a buga shi, firinta ce kawai ke karanta shi. Idan gurbin fanko ne, ta sauka layi ɗaya. Idan 0 ne, ta sauka biyu. Idan gajeriyar karan ɗori ce, uku. Idan 1 ne, ta tafi sabon shafi. Idan alamar tarawa ce, kada ta motsa, ta sake bugawa a kan layin da take, kuma da wannan dabarar ake kaurara rubutu ko a ja masa layi a ƙasa. Shi ya sa layin rahoto a menfirem yake da tsawon 133, ba 132 ba. Ɗaya na umarni ne.

Hausawa suka ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Kuskuren da ya yi suna a tsakanin masu koyon harshen FORTRAN shi ne mantawa da wannan gurbi. A ce mutum ya sa lambar 1500 ta fara tun daga gurbin farko. Firinta za ta ɗauki 1 ɗin a matsayin umarni, ta tsallaka sabon shafi, sannan ta buga 500. Idan layukan dubu ne kuma duk da 1 suka fara, sai takarda ta yi ta ambaliya, layi ɗaya a kowane shafi, har sai mai kula da na'ura ya rugo ya tsayar. Asarar takarda ma da sauƙi. Babbar illar ita ce lambar da ta fito ƙarya ce, kuma ba ta da wata alama da za ta nuna an cinye mata kai.

KUNDIN DA BA YA MAGANA DA KANSA

Ranar 7 ga Afrilu, 1964, IBM ta sanar da System/360, kakan menfirem ɗin da ake amfani da su yau. Bayanai sun tashi daga kati sun koma kan tef da faifai, ana tara su a kundin bayanai, amma ɗabi'ar kati ta biyo su. A irin wannan kundi babu alamar da ke nuna ƙarshen layi kamar yadda muka saba a wayoyinmu. Sai dai a rubuta a bayanin kundin cewa kowane rikod tsawonsa kaza ne, na'ura ta riƙa yanka daidai wannan awo. Mafi shahara shi ne 80, faɗin katin 1928. Kundin da za a buga kuwa akan yi masa shaida da RECFM=FBA da LRECL=133, harafin A na ƙarshe yana sanar da cewa gurbin farko umarni ne. Idan aka faɗi tsawo ba daidai ba ko da da gurbi ɗaya ne, kowane layi zai riƙa zamewa, sunan wani ya shiga filin kuɗin wani.

Sannan ga batun lambobi. Don tsimin fili, akan cusa lambobi biyu a mazaunin harafi ɗaya, a ƙarshe a liƙa alamar da ke nuna riba ce ko bashi. Idan ka tura wannan kai tsaye ga firinta, tarkace za ka gani ko fanko. Kuma ba a ajiye ɗigon da ke raba naira da kwabo. Lambar 0012550 tana iya zama naira 12,550, tana iya zama naira 125 da kwabo 50. Kundin ba zai gaya maka ba. Amsar tana cikin wata taswira dabam da mai rubuta manhaja ya ajiye, wadda ke cewa gurbi kaza zuwa kaza kuɗi ne, kuma biyun ƙarshe kwabbai ne.

Wannan ne ya sa tsara rahoto ya zama sana'a mai zaman kanta. Harshen COBOL, wanda aka tsara a 1959, ya zo da hanyar zana siffar lamba kafin a buga ta: harafin Z yana share sifilin da ke gaba, a sa waƙafi da ɗigo a inda ya dace. Idan cak ne, sai a cike gaban lambar da taurari maimakon fanko, don kada wani mai dogon hannu ya ƙara lamba a gaba. IBM kuma ta samar da ƙananan manhajojin aiki. Akwai IEBPTPCH, wadda sunanta ma yana nufin bugawa da huda kati, tana ba ka damar zaɓen gurbin da kake so da inda zai zauna a takarda. Daga baya IDCAMS ta zo da umarnin PRINT, mai iya nuna rikod a matsayin baƙaƙe, ko a ɗanyen lambobin na'ura, ko duka biyun gefe da gefe. Wannan na ƙarshe shi ne madubin mai bincike idan lissafi ya ƙi daidaita cikin dare.

KWALI YA TAFI, AWO YA ZAUNA

Firinta duk saurinta ba ta kamo ƙafar kwamfuta, don haka aka ƙirƙiro dabarar tara rahotanni a faifai su bi layi, kwamfuta ta ci gaba da wani aikin. Shahararriyar manhajar wannan aiki, HASP, ma'aikatan IBM ne suka rubuta ta a cibiyar hukumar NASA da ke Houston a shekarun 1960, kuma ita ce ta rikiɗe ta zama JES2 da ake amfani da ita har yau. Zoben takarda ya koma bayani a ƙwaƙwalwar firinta. A 1975 IBM ta sanar da firinta 3800 mai aiki da hasken leza, wadda ta kai kusan layi 20,000 a minti, a 1977 kuma Xerox ta fito da 9700. Babu sarƙa, babu guduma, amma dukkansu an ƙera su su fahimci tsoffin layukan nan da umarninsu, domin babu bankin da zai yarda ya sake rubuta dubban manhajoji saboda sabuwar firinta.

Haka abin ya ci gaba. Allon tashar 3270 na farkon shekarun 1970 ya shahara da faɗin gurbi 80. Umarnin aiki na JCL har yanzu a layi mai gurbi 80 ake rubuta shi. Rahoton da yau zai iso maka a matsayin PDF, mai yiwuwa ya fara rayuwarsa ne a layi mai tsawon 133.

Tsimin gurbi kuma ya zo da nasa bashin. Rubuta shekara da lambobi biyu, 68 maimakon 1968, shi ya haifar da fargabar shekarar 2000, wadda ta sa aka bi tsoffin manhajoji layi-layi ana gyara. A watan Afrilun 2020, lokacin annobar korona, gwamnan jihar New Jersey, Phil Murphy, ya fito fili yana neman waɗanda suka iya COBOL, saboda tsohon tsarin biyan tallafin marasa aiki ya yi nauyi da yawan masu nema.

Darasin da na ga ya fi shafar mu shi ne na taswira. Ma'aikatu da makarantu da asibitoci suna ta mayar da takardunsu cikin kwamfuta, kuma hankali ya fi karkata ga ajiye bayanan. Amma tarihin nan ya nuna bayanai ba sa fassara kansu. Idan bayanin da ke cewa wane gurbi ne suna, wane ne kuɗi, ina ɗigo yake, yana cikin kan mutum ɗaya ne kawai, to ranar da ya yi ritaya kundin ya zama kurma. Mai neman haƙƙin fanshonsa bayan shekara talatin ba zai amfana da faifan da babu mai iya karanta shi ba. Duk wanda ke riƙe da bayanan jama'a a cikinmu, ya rubuta taswirar, ya ajiye ta tare da kundin.

Waɗanda suka taɓa aiki da irin waɗannan na'urori, ko suke da tsohuwar takarda mai huji a cikin adaka, muna son jin labarinku. Inda na yi kuskure a gyara mini. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.